Tsohuwar Kwamfutar Mzee Kitwana

"Ta sake tsayawa, Mzee? Sau uku ke nan fa ina maimaita baiti ɗaya!"

Na ɗage ƙafata daga keken ɗinki na kasa kunne. Ɗakin Mzee Kitwana shi ne na ƙarshe a gidanmu na haya a unguwar Mwananyamala, ƙofarsa na kallon tawa. A barandar tsakiya nake ɗinki, don haka duk abin da ake yi a situdiyonsa sai ya shiga kunnena, ko ina so ko ba na so.

"Ki ɗan yi haƙuri, Dada," na ji ya ce wa matar, don haka muke kiran 'yar'uwa mace a nan. "Zafi ta ji. Minti biyar kawai."

"Ita ce ke jin zafi, ni da na baro Tandika da mata shida a cikin motar haya ta daladala ba ma ji? Ku tashi mu tafi. A Sinza awa ɗaya ake gama wa mutum ƙasida har a tura masa a waya."

Suka fito a jere, kowace tana gyara mayafi, ta ƙarshe ta toshe hanci da gefen nata ba tare da ta ɓoye ba. Sai da ƙarar takalmansu ta ɓace na zuba shayi a kofi, na ɗora maandazi biyu, irin fanken garinmu, a faranti na shiga.

Yana zaune a gaban abar, tsohuwar kwamfutarsa. Da can fara ce, yanzu ta koma launin haƙorin tsoho. Ya cire murfin gefenta, ya ajiye ƙaramar fanka tana hura mata iska a ciki, kamar mai jinyar mai zazzaɓi. Ƙafarsa ta hagu na kan kujera, naɗe da bandejin da ya jiƙe ya yi rawaya. Ciwon suga ne ya cinye masa babban yatsa tun watan azumi, kuma warin ya riga ya kama labule.

"Waɗannan ma sun tafi," na ce. "Mzee, don Allah mene ne a jikin wannan akwatin? Ka canza ta mana. Kowa ya canza."

"Ajiye shayin, Mama Sudi, ki zauna in gaya miki."

"Ka sha gaya mini."

"To ki sake ji." Ya ɗauki maandazi ya gutsira, duk da likita ya hana shi. "Sabuwar manhajar da suke so, wannan ba za ta iya ɗaukarta ba. Sai sabuwar kwamfuta. Sabuwar kwamfuta kuma ba ta da ramin da zan jona wancan akwatin sautin, sai in sayi wani. Duk wannan ba komai ba ne. Abin da ke hana ni barci shi ne, in na kwashe waƙoƙin na kai can, ba za su buɗe yadda na bar su ba. Duk inda na ɗaga murya, duk inda na danne ganga, komai zai koma kamar ranar da aka ɗauka."

Waƙoƙin da yake nufi na sani. Kowa a gidan ya sani. Su bakwai ne a ƙungiyarsu ta kiɗan rawa, tun zamanin da ake cika zauruka a Kariakoo ranar Asabar. Da suka tsufa aka daina kiransu, shi ne ya tara su a wannan ɗakin, ya ɗauki kowa shi kaɗai: masu jita biyu, mai ganga, masu waƙa biyu, da Bwanga mai busa ƙaho. Waƙa goma sha biyu. Daga nan suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage shi kaɗai da muryoyinsu a cikin akwati. Shekara tara yana haɗa sautin. Na ji ƙahon Bwanga ta bango har na iya bin sa da baki ina ɗinki.

"Saura nawa?" na tambaye shi.

"Uku."

"Bara ma uku ka ce."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "In na gama su, sai in sayi sabuwa. Na yi miki alkawari."

"Ƙafar fa?"

"Ita ma in na gama."

Na fita raina a ɓace. Ba zan ɓoye ba, na gaji. Na gaji da warin, na gaji da ganin mutane suna fita suna zaginsa, na gaji da tsohon da yake hura wa ƙarfe iska alhali naman jikinsa na ruɓewa.

Kwana biyu bayan haka Bi Chausiku ta zo gwada rigar biki. Ita ce uwar Mfaume, mawaƙin nan da hotonsa ke manne a bayan rabin bajajin garin nan, kekunan hayan nan masu ƙafa uku. A ɗakin Mzee ya yi waƙarsa ta farko, lokacin da ko takalmin kirki ba shi da shi. Ina ɗaura mata awo a ƙugu sai bakina ya kuɓuce.

"Ɗanki ya manta da Mzee Kitwana ne? Ga shi can kwamfuta ta mutu masa a hannu, masu aiki duk sun gudu."

Ta ce, "Ayya! Bari in gaya masa." Ni kuma na ji daɗi, na ɗauka na yi abin kirki.

Ranar Asabar da la'asar motoci uku suka toshe layinmu. Mai sayar da soyayyen rogo sai da ya ja teburinsa cikin kwata. Mfaume ya fito da baƙin tabarau da sarƙoƙi a wuya, a bayansa maza biyu da kyamara, da wata mai ƙaton gashin kanti tana riƙe da fitila a kan sanda, da wani mai tumbi da furfura a gemu, rungume da sabon kwali.

"Shikamoo, Mzee!" Mfaume ya durƙusa a bakin ƙofa, yana gaisuwar da yaro ke yi wa babba.

"Marahaba," in ji Mzee, yana ƙifta ido saboda hasken fitilar. "Wa nake gani haka? Mfaume?"

"Tsaya, tsaya," in ji ɗaya mai kyamarar. "Haske bai yi ba. Oga, ka koma ka sake shigowa."

Ya koma ya sake shigowa. Ya sake durƙusawa, ya sake gaisuwa. Sau uku aka yi, sau uku tsohon nan yana amsa "Marahaba", muryarsa na ƙara yin ƙasa. Mai gashin kantin ta leƙa ɗakin ta yamutsa fuska, ta zaro turare daga jakarta ta fesa a labule, ta fesa a iska, sannan ta sunkuya ta fesa a kan bandejin ƙafarsa. A kan ciwon. Na ga ya ɗauke numfashi ya damƙe hannun kujera.

"Ke!" na ce. "Mutum ne fa, ba masai ba."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta jawo zanin gado ta rufe ƙafar don kada ta fito a hoto.

Aka miƙa wa Mfaume kwalin, shi kuma ya ɗora wa Mzee a cinya. Ya juya ga kyamara ya ce wannan bawan Allah shi ne ubansa a waƙa, kuma ya rantse ba zai bar shi yana wahala da kayan zamanin da ba.

"Mzee, ka ɗan sunkuyar da kai," in ji mai kyamara. "Ka goge ido kamar abin ya taɓa ka."

"Idona ba ruwa," in ji Mzee.

"Ba komai, ka goge kawai."

Ya goge. Wallahi ya goge. Na juya na kalli bango don kunya ta kama ni a madadinsa.

Sannan Mfaume ya ce, "Lameck, haɗa masa." Mai tumbin ya fito da sabuwar kwamfutar, siririya kamar faranti, ya kunna. Daga nan ya durƙusa a gaban tsohuwar ya kashe ta, ya zaro abin kwance noti daga aljihu.

"Me za ka yi?" Mzee ya miƙe zaune. "Kada ka taɓa cikinta."

"Rumbun ajiyar zan ciro, Mzee, in kwashe maka komai zuwa sabuwar. Minti goma."

"Ba na so a kwashe. Na gode da kyauta, ku ajiye ta can. Saura waƙa uku in gama."

"Haba Baba," in ji Mfaume, ya dafa kafaɗarsa, idonsa na kan kyamara. "Ka yarda da ɗanka. A wannan, waƙa ukun nan kwana ɗaya za ka gama su."

Mzee ya kalle ni. Ban san abin da yake nema a fuskata ba. Ni kuwa na ce, "Ka bari su gwada mana, Mzee. Tunda sun san aikin." Da bakina na faɗa.

Lameck ya ciro wani ɗan ƙarfe kamar gwangwanin kifi, ya jona shi da waya. Aka jira. Ya danna, sai wani irin hargowa ya fashe daga lasifika: ganga ta danne kowa, muryoyin biyu suna hawa kan juna, jita can nesa kamar daga gidan maƙwabta. Wani daga cikin matattun ya yi tari ya ce, "A sake, a sake." Ƙahon Bwanga ne kawai ya fito tsaf, shi kaɗai, a sama.

Mfaume ya cire tabarau. "Kai! Wa ke busa wannan?"

"Mayar mini da shi," in ji Mzee. "Mayar da shi inda ka ciro."

Lameck ya mayar, ya kunna tsohuwar. Ta yi ƙara sau biyu, fuskarta ta tsaya baƙa da ɗan rubutu fari a sama. Ya kashe ya kunna. Haka. Ya sake. Haka. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Tsufa ne," ya ce. "Da ma a bakin mutuwa take. Sai dai mu tafi da rumbun ofis, mu daidaita komai a kan sabuwar, mu dawo maka da su tare. Kwana biyu."

Suka mayar da sabuwar cikin kwalinta. Lameck ya saka ɗan ƙarfen a aljihun wando. Kafin a kira magariba layin ya koma yadda yake, sai warin turare da ya gauraya da na ciwo, wanda ya fi na da muni. Abin da suka bar masa shi ne riga mai hoton Mfaume a ƙirji.

Washegari bidiyon ya zagaye gari. Mata a bakin famfo suna ta sa wa Mfaume albarka. "Ɗan halak ke nan," in ji matar mai gidanmu. "Kin ga yadda tsohon ya yi kuka?"

Kwana biyu suka zama mako, mako ya zama uku. Mzee ya daina aikin situdiyo. Da safe sai ya ja kujera bakin ƙofar gida ya zauna yana kallon bakin layi, duk motar da ta rage gudu sai ya ɗaga kai. Na kira lambar da Lameck ya bari har na haddace ta, ba a ɗauka. Na je gidan Bi Chausiku, ta tsayar da ni a bakin get ta ce ɗanta ya yi tafiya, kuma ai mutum in an yi masa alheri sai ya yi haƙuri.

Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta yi baƙi. Ƙudaje suka fara bin sa. Na ce mu je asibiti, ya ce in suka zo ba su same shi ba fa? Da na ga ya fara magana shi kaɗai da rana tsaka, na ɗauki wayarsa na kira 'yarsa Siwema, malamar makaranta ce a Morogoro. Da hantsin washegari ta iso. Ba ta yi masa gardama ba, ta kira bajaji, ni da ita muka ɗauke shi kamar buhu. A ranar aka yanke ƙafar daga saman gwiwa, amma likita ya ce dafin ya riga ya shiga jini.

Kwana na huɗu da kwantar da shi ina cikin daladala da kwanon kunu a cinya za ni wurinsa, direba ya ƙara sautin rediyo. Sabuwar waƙar Mfaume ce, ana ta maganar ƙugu da mota. Sai ƙaho ya shigo. Bakina ya fara bin busar da kansa kafin hankalina ya gane. Kwandasta yana buga jikin mota yana rawa, wata mata kusa da ni ta ce, "Wannan yaron dai akwai basira."

Na yi niyyar ba zan gaya masa ba. Amma a ɗakin marasa lafiya gado ashirin ne, kowa da wayarsa. Ina ba shi kunu a cokali sai mutumin gadon da ke gefe, wanda babur ya karya wa hannu, ya kunna waƙar. Mzee ya tsayar da hannuna. Ya rufe ido ya saurara har ƙarshe.

"Sun ƙara masa sauri," ya ce.

Siwema ta ce, "Me, Baba?"

"Bwanga ne. Sun ƙara masa sauri, kuma sun yanke inda yake jan numfashi. Yana da ciwon ƙirji lokacin, kafin ya hau sama sai ka ji ya ja iska. Wata biyu na yi ina tunanin in cire ko in bari. Na bari." Ya buɗe ido. "Yanzu kamar inji ke busawa."

Na ajiye cokalin. "Mzee, ni ce na gaya wa uwarsa. Ni na jawo maka su."

"Na sani, Mama Sudi. Wa kuma zai yi in ba ke ba?" Bai faɗa da zafi ba, amma bai ce "ba komai" ba, ni ma ban nemi ya ce ba. "Ni ma da laifina. Shekara tara. Da na gama su tun tuni na raba wa iyalansu. Sau nawa na je kanti na taɓa sabuwar na dawo? Waƙa ukun nan ba abin da ya rage musu. Tsoro nake ji in gama in rasa abin da zan tashi in yi da safe."

"Ka sha kunun, Baba," in ji Siwema.

"Ya yi sanyi," ya ce, ya kawar da kai.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika, ina hanya ban iso ba. Siwema ta ce bai ce komai ba, yatsunsa ne kawai suke motsi a kan zanin gado kamar mai murɗa wani abu a hankali.

Aka binne shi bayan la'asar. Maza na dawowa daga maƙabarta, muna raba shinkafa a tsakar gida, sai ga motocin nan uku. Wannan karon Mfaume farar jallabiya ya sa da hula. Masu kyamara suka riga shi shigowa, suna tsallake tabarmin mata. Ya riƙo wani babban hoto a cikin gilashi: shi ne rungume da Mzee, kwali a tsakaninsu, Mzee na goge ido.

Ya durƙusa gaban Siwema ya miƙa mata. "Dada, na yi rashin uba."

Ba ta karɓa ba. "Ina ƙarfen da kuka ciro daga kwamfutarsa?"

"Dada, yau ba ranar wannan maganar ba ce."

"Yau ce ranarta. Muryoyin mutum bakwai ne a ciki, kuma 'ya'yansu suna nan zaune. Ga 'yar Bwanga can. Ina yake?"

Mfaume ya waiga, mai kyamara ya sauke kyamararsa ba tare da an ce masa ba.

"Lameck ya bar aiki wurina," ya ce a hankali. "Kuma ya ce rumbun ya lalace. Kaɗan kawai aka iya ceto."

"Kaɗan ɗin da ya ishe ka," na ce.

Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina. Ya jingina hoton a bango, ya ɗaga hannu ya yi addu'ar da ba wanda ya amsa sai matar mai gida, suka fita. Ko shinkafar ba mu ba su ba. Farantai sun ƙare mana, kofunan shayi kuma sun taru a ƙasa, sai na ɗauki hoton na kifa shi, na jera ƙazantattun kofuna a bayansa na kai wurin wanki. Da shi muka yi ta kwashe kwanuka har kwana uku.

Sabuwar kwamfutar ba ta taɓa dawowa ba, rumbun ma haka. Siwema ta je ofishinsu sau biyu, aka bar ta zaune a benci har ta gaji, hutunta ya ƙare ta koma Morogoro. Waƙar kuwa har yau ana sa ta a gidajen biki. In ta zo wurin ƙahon sai in tashi in shiga bayi.

Ƙarshen wata mai gida ya ce a kwashe ɗakin, wani zai shiga. Ni na yi aikin. Bangon duka huɗu a rufe yake da kwalayen ƙwai da Mzee ya manna don kada sauti ya yi amo, na yini ina ɓamɓare su da wuƙa. A ƙarƙashinsu fentin shuɗi ne, sabo fil kamar jiya aka shafa. Na tara masu kyau a bakin ƙofa, mai sayar da ƙwai ta layin baya ta zo ta ce tana so. Ta jera su bisa juna, ta ɗaure da tsumma, ta ɗora a ka. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallonta tana tafiya a hankali, tarin kwalayen na ɗan rangaji a samanta, har ta sha kwanar masallaci.